Zabuwa Tsakanin Farantin Gwaji da Ƙasar da Ta Tsiro a Kai

Da wuya mutum ya zaga gidaje goma a Zariya, ko a cikin ganuwa ko a Tudun Wada ko a Samaru, bai ci karo da wata shuka mai kaurin ganye da ƙananan ƙayoyi a gefe ba, an dasa ta a tsohon bokiti ko a fasasshiyar randa a kusurwar tsakar gida. Matasa sun fi saninta da alobera, dattawa suna cewa zabuwa ko kabar giwa, malaman da suka karanci littattafan ɗibbu na Larabci kuwa sun san busasshen ruwanta mai ɗaci da sunan sabir. Idan ruwan zafi ya zubo wa yaro, ita uwa take fara yankowa, idan ƙuraje sun feso wa budurwa a fuska ita ake shafawa, wasu kuma suna markaɗa ta ɗungurungum su sha saboda basir ko taifot ko abin da ake kira sanyi. A 'yan shekarun nan an ƙara mata wata daraja, domin masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwanni da tashoshin mota sun koyi faɗin cewa an gwada ta a jami'a an tabbatar tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma wai cike take da sinadaran gina jiki.

Kowace daga cikin maganganun nan biyu tana da tushe, kuma shi ya sa suke da wuyar warwarewa, domin da ƙarya ce tsagwaronta da an daɗe da watsar da ita. Gaskiya ne an yi gwaje-gwaje masu yawa a kan wannan shuka a jami'o'in Nijeriya da na waje, kuma gaskiya ne ana samun ƙarafa iri-iri a cikin ganyenta. Abin da mai talla ba ya faɗa, wataƙila don shi kansa bai sani ba, shi ne wane ɓangare na ganyen aka gwada, da me aka tatso shi, nawa aka zuba kafin ƙwayar cutar ta daina yaɗuwa, kuma a wace ƙasa shukar ta tsiro. A waɗannan tambayoyi ne amfani da cutarwa suke rabuwa.

Tun daga suna ma akwai gyara. Dangin wannan shuka, waɗanda masana tsirrai suke kira Aloe, sun haura iri 500, kuma mafi yawansu 'yan asalin Afirka ne da tsibirin Madagaska da yankin Larabawa. Wadda ta cika tukwanen gidajenmu ita ce Aloe vera, baƙuwa ce da aka yaɗa a duniya saboda kasuwanci, kuma bincike ya fi karkata ga cewa daga yankin Larabawa ta fito. Wadda kakanninmu suka sani a dajin ƙasar Hausa ita ce Aloe buettneri, mai ɗige-ɗigen fari a ganye irin na jikin zabo, kuma daga nan sunan ya samo asali. A Afirka ta Kudu akwai Aloe ferox, wadda aka daɗe ana tatsar ɗacinta ana fitarwa ƙasashen waje. Kama da wane ba ta wane, domin yawan sinadaran da ke cikin kowace ya bambanta, har ma a iri ɗaya yakan sauya gwargwadon shekarun shukar da yawan ruwan da take samu da lokacin da aka yanke ta. Saboda haka ne mai bincike na ƙwarai yake fara kai samfurin shukarsa ɗakin adana busassun tsirrai, irin wanda ke Jami'ar Ahmadu Bello, a tantance masa sunanta a ba shi lamba, kafin ya taɓa kwalbar gwaji ko ɗaya.

Duk wanda ya taɓa yanka ganyen ya lura da abu uku. Akwai ɓawo kore mai tauri a waje. Daga ƙarƙashinsa wani ruwa mai launin ɗorawa yake tsattsafowa, mai tsananin ɗaci da wari, wanda idan ya bushe yake komawa baƙi-baƙi, shi ne sabir ɗin da aka ambata. A can ciki kuma akwai farar tsoka mai yauƙi, wadda kusan kashi 99 cikin 100 nata ruwa ne. A wajen masana haɗa magunguna, ruwan ɗacin da yauƙin ciki tamkar magunguna biyu ne daban da suka haɗa gida. Ruwan ɗacin yana ɗauke da wani sinadari mai suna aloyin da danginsa, irin su alo-emodin, waɗanda shukar take kare kanta da su daga dabbobi da ƙwari. Yauƙin kuwa, ɗan abin da ya rage a cikinsa bayan an cire ruwa galibi wasu dogayen sarƙoƙin sukari ne, mafi shahara a cikinsu ana kiransa asemanan, kuma su ne suke riƙe danshi. Wanda ya markaɗa ganyen gaba ɗaya ya haɗa biyun ke nan ya sha, ba tare da sanin nawa ya sha na kowane ba.

To, yaya ake gwajin da ake ta ambato? Mai bincike yakan shanya ganyen ko ɓangaren da yake so, ya niƙa shi gari, ya jiƙa a ruwa ko a sinadarin etanol ko metanol, ya tace, sannan ya ƙafar da ruwan har sai wani abu mai kauri ya rage a gindin kwano. Daga nan sai ya ɗauko ƙaramin faranti mai murfi da aka zuba wa wani daskararren abinci na ƙwayoyin bakteriya, ya shafe fuskarsa da ƙwayar da yake son gwadawa, ya huda 'yan ramuka, ya ɗiga abin da ya tatso a ciki. Akan ajiye farantin a na'urar ɗumi a kan digiri 37, wato zafin jikin mutum, na awa 18 zuwa 24. Washegari za a tarar ƙwayoyin sun rufe farantin kamar hazo, in ban da wani da'ira mai haske da ke kewaye da ramin idan abin da aka ɗiga ya hana su tsiro. Faɗin wannan da'ira ake aunawa da milimita, kuma shi ne abin da ya rikiɗe a bakin mai talla ya zama tana kashe ƙwayoyin cuta.

Sakamakon da aka fi samu yana da wani fasali da yake maimaita kansa. Tun a 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Gram ya fito da wata hanyar rina bakteriya da ta raba su gida biyu gwargwadon ginin bangon jikinsu. Na gida na farko, irin su Staphylococcus aureus mai haddasa maruru da ruɓewar miki, bangonsu mai kauri ne amma sinadarai suna ratsa shi da sauƙi, kuma a kansu ne tatsattsen zabuwa ya fi nuna tasiri. Na gida na biyu, irin su Escherichia coli mai yawan haddasa ciwon mafitsara, da Salmonella Typhi mai kawo taifot, da Pseudomonas aeruginosa mai addabar masu ƙuna a asibiti, suna da ƙarin wata fata a waje da take tare abubuwa da yawa, saboda haka tasirin yakan ragu, wani lokaci ma ba a ganin komai. Haka nan abin da aka tatso da etanol ko metanol ya kan fi wanda aka jiƙa a ruwa ƙarfi, domin da yawa daga cikin sinadaran da ke yin aikin ba sa narkewa sosai a ruwa. Wannan batu yana da nauyi a gare mu, tun da a gida da ruwa ake jiƙawa. Ɓawo da ruwan ɗaci kuma sukan fi farin yauƙin ciki tasiri a kan faranti, wato ɓangaren da ya fi ƙarfi a kan bakteriya shi ne kuma ya fi haɗari ga cikin mutum.

Faɗin da'ira kaɗai ba ya isa hujja, domin sinadari mai saurin yaɗuwa a cikin abincin farantin yana iya yin babbar da'ira ko da ƙarfinsa kaɗan ne. Ma'aunin da ya fi inganci shi ne a yi ta tsinka maganin ana rage ƙarfinsa har a gano mafi ƙarancin adadin da zai hana ƙwayar tsiro. A nan ne tazarar take bayyana ƙarara. Tatsattsen ganye, na zabuwa da na tsirrai da yawa, yawanci da miligiram a cikin kowace mililita ake lissafa wannan adadi, alhali magungunan asibiti da maikurogiram ake lissafa nasu, kuma miligiram 1 daidai yake da maikurogiram 1,000. Maganin sifurofuloksasin, alal misali, ƙasa da maikurogiram 1 a mililita ya ishe shi ya tsayar da Escherichia coli da ba ta bijire masa ba. Mu ɗauki wani lissafi na misali kawai. A ce wani tatsattsen ganye yana buƙatar miligiram 10 a kowace mililita kafin ya yi aiki. Jinin baligi kusan lita 5 ne, wato mililita 5,000, saboda haka sai an sami giram 50 na wannan abu yana yawo a cikin jini a lokaci guda, bayan ya tsallake hanji da hanta da ƙoda waɗanda aikinsu shi ne sauya baƙon abu da fitar da shi. Babu jikin da zai ɗauki wannan, kuma babu kofin jiƙo da zai kai shi can.

Akwai wani abu game da aloyin da ya kamata duk mai shan zabuwa don kashe ƙwayar cutar ciki ya sani. Idan aka haɗiye shi, yakan wuce ciki da ƙaramin hanji kusan yadda yake, sai ya isa babban hanji, inda bakteriyar da ke zaune a can suke farfasa shi su mai da shi wani sinadari mai tsokanar bangon hanji ya riƙa motsi da tara ruwa. Bayan wasu awoyi sai zawo ya ɓarke, mai sha kuma ya ɗauka cutar ce take fita. Ga mai taifot wannan babban haɗari ne, domin ƙwayar taifot tana ɓuya a cikin ƙwayoyin halittar jiki da jini da matsarmama inda jiƙon ba ya kaiwa, kuma cutar da kanta tana cin bangon hanji har takan huda shi idan aka yi jinkirin magani. A tsokani hanjin da ya riga ya yi rauni da abu mai sa zawo, a kuma ɓata kwanakin da ya kamata a ce an je asibiti, wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a duk wannan lamari.

A kan fata labarin ya fi daɗi, amma shi ma yana da iyaka. A nan maganin yana haɗuwa da wurin ciwo kai tsaye, kuma yauƙin yana sanyaya wuri ya hana shi bushewa, abin da ake so ga ƙaramar ƙuna. Wani nazari da aka wallafa a 2007, wanda ya tattara gwaje-gwaje 4 a kan mutum 371 masu ƙuna mara zurfi, ya nuna waɗanda aka shafa wa zabuwa sun riga sauran warkewa da kusan kwana 9, ko da yake marubutan sun yi gargaɗin cewa gwaje-gwajen sun bambanta da juna sosai. A 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda ta shahara da tsananta tantance hujjojin likitanci, ta duba gwaje-gwaje 7 a kan mutum 347 masu raunuka iri-iri, ta ce hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba. Akwai ma wani gwaji na 1991 a Amurka a kan matan da ɗinkin tiyatarsu ya buɗe, inda waɗanda aka sa wa yauƙin zabuwa suka ɗauki kimanin kwana 83 kafin su warke, waɗanda ba a sa wa ba kuma kimanin kwana 53. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, ƙaramar ƙunar da ba ta wuce saman fata ba tana iya amfana bayan an fara sanyaya ta da ruwa mai tsabta na kimanin minti 20, amma miki mai zurfi, da gyambon mai ciwon sukari, da ɗinkin tiyata, da cibiyar jariri, duk ba wuraren gwada ganye ba ne. Yana da kyau kuma a tuna cewa yauƙin da aka kankaro aka ajiye a kofi yakan sauya launi ya yi wari cikin ɗan lokaci a zafin Zariya, domin bakteriya da fumfuna suna samun abinci a cikinsa, kuma shi ya sa kamfanoni suke zuba wa nasu sinadaran hana lalacewa.

Ban ga laifin masana da suke neman sabon magani a cikin tsirrai ba, hasali ma wajibi ne. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Mu da muke sayen kafso biyu a kemis mu haɗiye mu daina da zarar zazzaɓi ya sauka, muna da hannu a wannan. Da'irar da aka gani a faranti matakin farko ne na doguwar tafiya, wadda ta haɗa da ware sinadarin da ya yi aikin, da gwada gubarsa a kan dabbobi, da gwada shi a kan mutane kashi-kashi, tafiyar da takan ci shekara 10 ko fiye, kuma mafi yawan sinadarai a hanya suke faɗuwa.

Game da ruwan ɗacin kuwa, hukumomi sun riga sun yi magana. A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta cire shi daga jerin magungunan cushewar ciki da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, saboda ba a gabatar mata da hujjar amincinsa ba. Daga baya wani gwajin gwamnatin ƙasar na shekara 2, wanda aka fitar da rahotonsa a 2013, ya nuna cewa wani nau'in ɓeraye da aka riƙa zuba wa tatsattsen ganyen gaba ɗaya a ruwan sha, ba tare da an tace aloyin ba, sun kamu da ƙari a babban hanji. A kan haka cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa wannan tatsattse a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji ga mutum, hukuncin da aka wallafa a 2016. Masu sarrafa zabuwa ta sha a duniya sun sa wa kansu ƙa'idar kada aloyin ya kai miligiram 10 a kilo 1. Ko ba a je ga ciwon daji ba, yawan zawo yana zubar da sinadarin fotashiyom daga jiki, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin zuciya irin su digoksin ko maganin sa fitsari na hawan jini, kuma ana hana mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara da mai ciwon ƙoda shansa.

Sai batun ƙarafa, wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Babu shukar da take ƙera ƙarfe a jikinta, duk abin da aka samu a ganye daga ƙasa ko ruwa ko ƙura ya zo. Wasu ƙarafan jiki yana bukatarsu 'yan kaɗan, kamar baƙin ƙarfe da ke gina jini, da tutiya da ke taimakon warkewar rauni da garkuwar jiki, da jan ƙarfe da manganis. Wasu kuma ba su da wani aiki a jiki sai ɓarna, wato dalma da kadmiyom da zaiba da asanik. Saiwar shuka ba ta iya bambance su sarai, domin kadmiyom, alal misali, yana kama da tutiya a ɗabi'arsa, kuma ta ƙofar da aka buɗe wa tutiya yake shigewa ya haura har ganye. Dalma ta fi maƙalewa a saiwa, amma tana sauka a kan ganye tare da ƙura. Zabuwa kuma saiwarta ba ta nutsawa can ƙasa, a saman ƙasa take bazuwa, daidai inda toka da hayaƙi da dattin gari suke taruwa, kuma shuka ce mai shekaru a wuri ɗaya tana tsotsa.

Auna waɗannan ƙarafa aiki ne da Zariya take da kayan yinsa fiye da yawancin garuruwan ƙasar nan. Hanyar da aka saba ita ce a busar da ganye, a narkar da shi a ruwan asid mai ƙarfi, a fesa ruwan cikin harshen wuta a cikin wata na'ura da take auna yawan hasken da kowane ƙarfe ya shanye. Ban da sassan kimiyya da na harhaɗa magunguna na jami'a, akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa. Akwai kuma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, wadda ta fara aiki a 2004, take iya gano ƙarafa da yawa a lokaci ɗaya daga ɗan ƙanƙanin samfuri ta hanyar harba masa ƙwayoyin niyutiron, ko da yake wannan hanya ba ta dace da auna dalma ba, sai an koma ga waccan ta farko.

Wurin da mai karanta sakamako yake yawan ruɗewa shi ne bambancin busasshe da ɗanye. Kusan duk alƙaluman da ake bugawa na busasshen gari ne, kuma tun da yauƙin kashi 99 cikin 100 ruwa ne, sai an busar da kusan kilo 100 kafin a sami kilo 1. Mu sake ɗaukar misali. A ce an sami miligiram 100 na baƙin ƙarfe a kilo 1 na garin, to ɗanyen yauƙi kilo 1 miligiram 1 kacal yake ɗauke da shi, babban cokali guda mai giram 15 kuwa bai kai kashi 2 cikin 100 na miligiram ɗaya ba. Mace baliga tana bukatar kusan miligiram 18 a rana, namiji kusan 8. Wadda take fama da ƙarancin jini, hanta da wake da zogale da alayyafo sun fi mata randa guda ta yauƙin zabuwa. Da wannan lissafin ne kuma za a gane raunin wata magana da wasu rubuce-rubuce suke yi, cewa wai tutiya da jan ƙarfen da ke cikin ganyen su ne suke kashe bakteriya. Gaskiya ne jan ƙarfe da tutiya da azurfa suna da wannan ɗabi'a, har akwai man ƙuna na asibiti da aka haɗa da azurfa, amma adadin da ke cikin ganye ya yi ƙanƙanta ƙwarai, kuma mafi yawansa a ɗaure yake da wasu sinadarai. Samun abu biyu a ganye ɗaya bai nuna ɗaya ne sanadin ɗayan ba, sai an cire ƙarfen an sake gwaji an ga ko tasirin ya ɓace.

Ga ƙarafa masu guba kuwa, ƙanƙantar adadi ba ta kwantar da hankali, saboda taruwa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dalma ta wuce miligiram 10 a kilo 1 na busasshen maganin ganye, kadmiyom kuma kada ya wuce miligiram 0.3. Kadmiyom yana zama a ƙoda shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Dalma tana kwanciya a ƙashi, ta sake fitowa cikin jini lokacin da mace take da ciki ta isa ga ɗan tayi, kuma yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai tsotse daga abin da ya haɗiya, musamman idan yana da ƙarancin jini. Babu wani adadi na dalma a jinin yaro da aka tabbatar ba ya cutarwa. Mu a Arewa mun ga munin wannan guba a 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ganye zai ɗauko bai kusanci wancan ba, amma ƙari ne a kan abin da yaro yake samu daga tsohon fenti da ƙura da wasu nau'o'in kwalli, kuma illarsa a ɓoye take, tana bayyana a raunin fahimta da wahalar karatu bayan shekaru. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai shan busasshen garin ganye gaba ɗaya kullum, domin shi yake cin ɓawo da ƙurarsa a tattare ba tare da ruwan da ke tsinka su ba.

Idan rahotanni biyu suka saɓa, ɗaya ya ce ya sami dalma sama da ƙa'ida ɗaya ya ce bai samu ba, sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa, wuraren da suka yanko ganyen ne suka bambanta. Zabuwar da ta tsiro a gefen dutsen Kufena, da wadda ke bakin titin Kwangila inda manyan motoci suke wucewa dare da rana, da wadda ake ba ruwan kwata ko ruwan rafin Kubanni bayan ya ratso unguwanni, sunansu ɗaya amma abin da ke cikinsu ba zai zama ɗaya ba. An daina zuba dalma a man fetur a Nijeriya a farkon shekarun 2000, sai dai wadda ta riga ta sauka a ƙasar bakin titi ba ta ruɓewa. Garejin makanikai, da wurin masu fasa tsohon batir, da inda ake ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe, duk suna ƙara nasu, wasu takin zamani masu fosfet kuma suna zuwa da ɗan kadmiyom. Ƙasar yankin nan tana da ɗan tsami da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye, yanayin da yake sa ƙarafa su saki jiki su shiga saiwa. Bayan girbi ma ba a tsira ba, domin shanya a bakin kwalta lokacin hunturu, da injin niƙa mai cinyayyen haƙori, da tukunyar da aka zuba daga tarkacen ƙarafa, kowanne yana iya ƙara abin da shukar ba ta zo da shi ba.

Abin da nake fata daga masu bincikenmu shi ne su rage maimaita gwajin faranti a kan alobera, wanda an yi shi har an gaji, su juya ga tambayoyin da suka shafi mutanen garin nan. A ɗebo ganye da ƙasar gindinsa tare daga unguwanni daban-daban, a damina da rani, a auna ɓawo daban da yauƙi daban, a sayo garin da ake sayarwa a kasuwa a auna shi yadda mai saye zai sha shi, a kuma ba zabuwar dajinmu kulawar da aka ba baƙuwar. Sannan a mayar wa masu maganin gargajiya da sakamakon da Hausa, domin da yawansu mutane ne masu kishin sana'arsu, kuma idan aka nuna musu cewa wurin yanka da wurin shanya suna sauya magani za su gyara. Lambar NAFDAC da ake gani a kan kwalbar maganin gargajiya galibi shaida ce ta gwajin aminci na farko, ba ta nufin an tabbatar yana warkar da duk cututtukan da aka jera a jikin kwalbar.

A cikin gida kuwa, mai son yauƙin don shafawa sai ya wanke ganyen sosai, ya yanke gindinsa, ya jingine shi a tsaye na ɗan lokaci har ruwan ɗacin ya tsiyaye, ya fere ɓawon da wuƙa mai tsabta, ya ɗauraye tsokar, ya gwada kaɗan a hannu tukuna domin wasu fatarsu ba ta karɓarsa, kuma ya yi amfani da shi a ranar. Akwai wata al'ada da na sha gani, wato cika bokitin shuka da baƙar ƙasar juji saboda an san tana da ƙarfi. Jujin da aka sani a da toka ce da kashin dabbobi da sharar tsakar gida, amma na yanzu a cikinsa ake jefa mataccen batirin tocila da gwangwanin fenti da fasasshiyar waya, a kuma cinna masa wuta. Shukar da za a shafa wa yaro a ƙuna ta fi dacewa da ƙasar gona daga nesa da titi, a gauraya da yashi da ruɓaɓɓen takin shanu, a riƙa ba ta ruwan da mutanen gidan suke sha.